Riga Mai Lamba Ashirin da Bakwai

Shekara sha tara ina wanki
a ƙarƙashin rumfar 'yan kallo,
ruwan saman Yorkshire na ɗiga cikin bokiti.

Laka ba ta san albashi ba.
Rigar mai fam dubu tamanin a mako
da ta yaron da ke zuwa a bas,
sabulu ɗaya nake zuba musu.

Ran Talata masu jakar fata suka zo daga Landan,
suka ƙirga asarar shekara uku,
suka zare mana maki shida,
makin da yara suka ci da gwiwa a sanyin Disamba.
Iya kuɗinka iya shagalinka, in ji doka.
To wa ya yi shagalin? Ni dai ban ga gayyata ba.

Sai aka duba wanda za a sayar.
Baƙon da aka sayo da tsada, bashinsa ake biya har yau.
Kieran Holroyd aka ɗaga,
ɗan layinmu, da na ɗaure wa takalmi yana ɗan takwas.
Wai shi riba ce tsantsa, tunda kyauta aka same shi.
Kyauta? A tambayi uwarsa.

Daren talatin ga Yuni ya sa hannu,
lissafi ya daidaita kafin sha biyu.

Rigarsa na kan ƙugiya.
Mista Pickersgill ya ce in ɓare sunan,
lambar za ta yi wa wani.
Na ce bari ta bushe tukuna.
Yau kwana tara.