Tafintan Kwana Tara

Ran Laraba suka sauka Katsina, su bakwai,
da akwati goma sha ɗaya da hular rana kowa.
Fasto Barnaba ya dafa ni ya ce,
"Filibus, kai ne bakinsu, kai ne kunnensu
har ranar komawa."
Muka bar kwalta bayan Batagarawa,
mota ta shiga rairayi tana nishin tsohuwar saniya.
Sau biyu muna sauka mu tura
kafin rufin cocin Tudun Marke ya ɓullo.

Gida tara ne namu a garin, saura na masallaci,
amma da aka ji an zo da tabarau da maganin ido
layi ya miƙe har gindin kukar mahauta.

Babbansu ya tashi, gumi na bin gemunsa,
ya ce sun zo wurin mutanen da duniya ta manta.
Na dubi Baba Dangana,
mai rijiya uku da ya haƙa da hannunsa,
mai jika a Zariya tana karatun likita.
Na ce, "Yana gaisuwa, yana tambayar gida da gona."
Taro ya amsa, "Lafiya lau!"
Baƙo ya zauna da murna.
Ubangiji, ka yafe mini wannan fassara.

Sun shafe coci da shuɗin fenti kwana biyu.
Tanko, wanda fenti ne abincinsa,
shi ya riƙe musu tsani.
Da suka kwanta ya dawo da fitila
ya bi kusurwa kusurwa yana gyara.

Ƙaramarsu ta karɓi taɓarya a hannun Kezaya,
dakan fari, na biyu, na uku,
tafinta ya yi bororo.
Mata suka yi shewa, suka raɗa mata Laraba,
don sunanta na gida ya ƙi zama a harshe.
Kwana na huɗu zazzaɓi ya kayar da ita.
Kezaya ta bar nata aikin, ta dama kunun tsamiya,
ta zauna a kanta da mafici har carar zakara.
Ba su nemi tafinta ba.
Ina waje, kan turmi, babu abin yi.

Malam Hamisu ya zo bayan layi ya watse,
ya gwada ɗaya, ya gwada biyu,
a na uku ya zaro littafinsa daga gafaka.
Baƙaƙen da suka guje masa shekara shida
suka dawo ɗaya bayan ɗaya, kamar tumaki da almuru.
Ya daɗe bai ɗago ba.
Babbansu ya matso, ya raɗa mini, "Ya karɓa?"
Na ce, "Ya karɓi tabarau,
kuma yana roƙa muku Allah ku isa gida lafiya."
Wannan kam ban rage ko wasali ba.

Ranar tafiya aka yi hoto, aka yi hawaye,
aka yi alkawarin baɗi da kowa ya san nauyinsa.
Sun bar rabin gwangwanin fenti,
ƙwallo ɗaya, da takalmi ƙafar hagu.
Daren nan ruwan fari ya sauka,
gari ya waye kowa da sungumi a kafaɗa,
ni ma na koma shagon gyaran rediyo na Ƙofar Marusa.

Jiya saƙo ya shigo wayata daga Laraba.
Wai wace kalma ce Kezaya ke maimaitawa
duk tsawon daren nan, tana fifita?
Na san ta. Sannu ce.
Na rubuta amsa, na goge,
na sake rubutawa, na goge.
Rediyon mutane biyar na jirana kan tebur,
ga shi har azahar ta yi.