Jan Biro, Jar Wuta

Shekara talatin da biyu na riƙe alli
a lakkol ɗin Gamkalle, kusa da kogi.
Jan birona ya sa yara da yawa hawaye.
Yau ga ni, hannu biyu kan sitiyari,
jar wuta ke min gyara, ba ni da ta cewa.

Mai koya mini Zabairu ne, ɗan mai gyaran rediyo,
wanda na sa ya maimaita aji huɗu
don lissafin rabawa ya ƙi shiga kansa.
Bai taɓa tada zancen ba.
Sai in na taka birki kamar mai kashe kunama
ya ce, "Madam, mota ma tana jin ciwo,"
in hangi gefen bakinsa yana motsawa.

Ya ce allo mai kusurwa uku da jan baki
gyaran muryar dattijo ne a bakin zaure:
akwai abu gaba, ki kintsa.
Wanda ya juya kansa ƙasa ya san girman na gaba,
ki bar masu babbar hanya su fara wucewa.

Zagayayye mai jan gefe hani ne,
shuɗi kuma umarni.
Na ce, "To, ka ga ni da hedimasta kenan."
Ya yi dariya har ya manta
ya ce in kunna sigina kafin juyawa.

Farin layin da ya miƙe bai yanke ba
na gane shi tun daga nesa.
Shi ne layin gefen kaye,
wanda na ja kunnuwa a kansa, har da na Zabairu.
Mai tsinke-tsinke kuwa cike gurbi ne:
an ba ka dama, amma duba madubi,
amsar da aka yi da gaggawa ba ta gogewa.

Ran Laraba muka nufi Katako da hantsi.
Kabu-kabu kamar an tashi gidan rina,
amalanken albasa, kamiyo mai hayaƙi,
raƙumi da tabarmi yana tafiyar ƙasaita,
shi da bai taɓa neman parmi ba
kuma babu polisin da ke tambayawa.

Koriya ta juye ruwan ɗorawa ina tafe.
Ƙafata ta ce, "Taka, za ki sha."
Mai taksi a bayana ya danne hon
har da leƙo kai, yana kiran sunan kakata.
Na tsaya.
Gumi ya jiƙa mini ɗankwali,
injin ya mutu, kunya ta kama ni,
duk Yamai kamar ni take dubawa.

Sai ga wata ƴar yarinya da jakar leda,
takalmi ɗaya ya tsinke, tana jan sa,
ta hau farin zanen masu ƙafa
tana ƙirga layukan da baki, ɗaya, biyu,
ba ta ko dubi inda nake ba.
Ta yarda da jar wutar nan
yadda ƴan ajina suka yarda da ƙararrawa.

Ban ce komai ba. Shi ma haka.
Na tada mota, muka bi ta Bukoki,
na ba na dama hanya inda babu allo,
har wani mai Vespa ya ɗaga mini hannu.

Da muka tsaya a inuwar bedi
Zabairu ya zaro takarda daga aljihu,
da biro, wallahi ja,
ya yi rubutu a hankali, ya miƙo mini.
Na sa tabarau. Kalmomina ne,
da na rubuta masa shekara ashirin baya:
"Akwai ƙoƙari. A ƙara kulawa."