Dankalin Turawa

A Farin Gada nake da rumfa.
Dankalin Turawa nake sayarwa.
Daga Bokkos yake zuwa, da jar ƙasa a jikinsa,
Mafulul ya shuka, matarsa ta ɗauko a ka.
Bai taɓa ganin teku ba, bai san jirgi ba,
amma har gobe na Turawa ne.
Ni da shi ba ma yi wa juna dariya.

Kakata Tabawa wankin kuza take yi a Dilimi,
ƙafa cikin ruwa tun asuba.
Wanda ya yi cikin ubana ba mu da hotonsa,
sai rabin suna, da agogon da ya tsaya,
da labarin kunnuwan da ke ja in rana ta take.
Kwangila ta ƙare, ya koma garinsu.
Ramin da ya sa aka haƙa yana nan,
ya cika da koren ruwa, ba ya shayuwa.

Ubana Tanimu, ba mai kiransa Tanimu a Gangare.
Bature, zo ka ci tuwo.
Bature, liman na nemanka.
Ya haddace izu ashirin, yana nan Bature.
Ya je neman aure, aka ce a dakata,
wai kyan ɗa ya gaji ubansa, to ina uban?
Ran nan ya hau keke zuwa Rayfield, neman aiki a kulob,
mai gadi ya dube shi sau ɗaya,
ya nuna masa ƙofar baya, ta kuku da boyi.
Tafiyar ba ta kai awa guda ba.
A hanyar zuwa ya baƙanta,
a hanyar dawowa ya sake yin fari,
duk a kan sirdi ɗaya.

Shi ya ba ni labarin Nasif, Kwara mai kantin yadi,
fata kamar nonon safe.
An yarje masa baranda, ban da ciki.
Da kanti ɗaya ya zama uku
sai kujerarsa ta matsa, ta ƙara matsawa,
wata rana aka gan ta a falo.
Ba mai ya shafa ba.

Jiya baturen 'yan sanda ya tsaya sayen buhu biyu,
baƙi wuluk, kamar gindin tukunya.
Na cire hannu daga aljihu, na ce ranka ya daɗe.
Davou zabiya ne ya ɗora masa kayan a mota,
Davou, wanda ya fi duk mutanen kulob haske,
leɓe a tsage, ido a ƙanƙance saboda rana.
Aka miƙo masa ɗari biyu ta taga.
Shi ma yara Bature suke ce masa,
sannan su ruga.

Da daddare Rumasa'u ta zo da takarda,
ta neman karatu a ƙetare.
Akwatuna biyar, an ce ta zaɓi ɗaya.
Baba, wanne ne namu?
Na so in ce mata Tabawa ta san ja, ta san wankan tarwaɗa,
ta san baƙi mai sheƙi da farin da ke tsoron rana,
ba ta taɓa zuba su a akwati ba.
Na so in ce a garin nan, ranar da hayaƙi ya tashi,
ba fata ake dubawa a shinge ba,
suna ake tambaya,
kuma wannan layin ma da hannu aka ja shi.
Ban ce ba.
Na ce cika wanda za su gani in kin sauka,
kin ga nan Baturiya, can kuwa sai abin da suka ce.

Ta yi dariya, ta sa alama a baƙi.
Agogon na kan kwaba, ƙarfe huɗu saura kwata tun kafin a haife ni.

Da safe wata mata ta taɓa kwando da ƙafa:
Malam, nawa na Turawan?
Na kakkaɓe ƙasar Bokkos daga tafina,
na faɗa mata.