Ta Kan Katanga

Tabawa, an hana fita tun la'asar,
Ƙofar Guga sai hayaƙin taya,
masu gaisuwa sun maƙale a gida.
Ni ba ta titi zan zo ba.
Na kife turmi na hau,
ga kunun tsamiya ta kan katanga,
karɓi da zafinsa.

Keken Sallau na zaure,
allura tsaye cikin rigar wani.
Bar shi sai ran da kika iya.
Su can suna ƙirgen ƙuri'a,
ke kina ƙirgen kwana.
Wata huɗu da goma, mu raba biyu.

In harbi ya tashi da dare,
ƙwanƙwasa bango sau uku.
Ba na barci.
Takalman Ilu na nan bakin ƙofata,
shekara bakwai ke nan.