Ɗakin Awon Jini

Malka ta sauka, Gulbi ya cika ya batse,
sauro ya kafa sansani daga Bagalam har Sura Bildi.
Ƙarfe shida nake buɗe ɗakin awo,
layi ya riga ni zuwa:
uwa da goyo, goyo da masassara.

Ɗigon jini a kan gilashi,
ido ɗaya a rufe, ɗaya a bakin madubi,
ina ƙirga maƙiyan da ƙwayar gero ta fi su girma sau dubu.
Jiya mutum ɗari da sha bakwai.
Na yau ban lissafa ba.

Albashi an ce yana hanya.
Ko a jaki ya taso daga Yamai, da ya iso.
Mai shago ya rage fara'a,
ɗan kabu-kabu ya raɗa mini suna Sai-Wata-Ya-Mutu.
Tsahara ta rufe mini tuwo har ya sandare,
ta ce, "Kalla, gidan nan ma akwai masu jini a jika,
yaushe za ka auna namu?"
Na wanke hannu, na ci da sanyinsa.

Nomau da muka gama lakwal tare
ya rataye farar riga, ya kama fataucin Jibiya,
ga shi da bene a Ali Ɗan Sofo.
Ya ce in zo, akwai wuri.
Kwana uku ina juyi a shimfiɗa,
ran na huɗu ƙafa ta kai ni inda ta saba.

Ni ba waliyyi ba ne. Ina mita, ina tsaki.
Wuya ya sage, idon dama ya fara yana.
Son jama'a wutar murhu ce,
ita ke dafa mini abinci,
ni ne kuma itacen.

To, shekaranjiya wata yarinya daga Tibiri,
wadda aka shigo da ita ran Lahadi kamar jiƙaƙƙen tsumma,
ta leƙo ta taga da ƙosai a hannu:
"Baba, in ga abin da kake kallo?"
Na ɗaga ta, na sa mata gilashin jininta na ranar.
Ta daɗe tana leƙe.
"Ba komai a ciki," in ji ta, baki a ture.
Na ce, "E, ɗiyata. Ba komai."

Daren nan barci ya ɗauke ni har na makara asuba.
Tsahara ba ta tashe ni ba.