Babu Abin da Ya Faru

Biyar da rabi na asuba a Samedan,
duwatsun Engadin sun lulluɓa da fari,
daga ni sai tukunyar gahawa
da allon kwamfuta mai ƙifta mini ido.
Sunana Ladina. Ba na tuƙa jirgi.
Ni ce mai share masa hanya a takarda
tun injinsa bai yi tari ba.

Jirgi bakwai yau.
Na Landan yana son mai, lita dubu uku.
Na Milano ya sauya fasinja cikin dare,
mutum huɗu sun koma shida, da kare,
karen ma da fasfonsa, da hatimin likita.
Na gyara jerin sunaye,
na tada ɗan kwastan daga barci,
na roƙi mai abinci ya nemo lemon da ba lokacinsa ba.

Waya ta yi ƙara. Muryar sakatare,
sumul kamar an shafe ta da man shanu:
"Maigida ba ya jira."
Na leƙa taga. Gajimare ya sauko kwari
ya kwanta kamar saniya mai tuƙa,
ko rabin titin jirgi ba a gani.
Na ce, "Tsauni ma ba ya matsawa."
Ya ce zai kira wanda ya fi ni.
Ban gaya masa ba, wanda ya fi ni
yana can waje cikin motar kwashe ƙanƙara.

Curdin ke nan. Shekara talatin da ɗaya
yana aske titin nan duk lokacin sanyi.
Yau ce ta ƙarshe, gwiwa ta ce ya isa.
Ta oba-oba na ji tarinsa kafin maganarsa:
"Akwai santsi a ƙarshen titi, yarinya.
Ba ni minti arba'in."
Ba nawa ba ne, amma na ba shi.
Na aika wa Milano: ku dakata a ƙasa.
Sauri kan haifi nawa.
Gara a zage ni da safe
da a karanta sunana gaban masu bincike da yamma.

Goma saura kwata rana ta ɓullo ta bayan dutse,
gajimare ya naɗe tabarmarsa.
Matuƙiya Oriana ta ziro jirgin tsakanin tsauni biyu
kamar zare a kafar allura.
Taya ta taɓa, ta kama, ba ta zame ba.
Sai a nan na tuna ban sha gahawar ba.

Maigida ya sauko.
Taku goma sha biyu daga matakala zuwa baƙar mota,
na ƙirga.
Bai dubi sama ba, bai dubi abin da ya taka ba.
Karen ne ya ja igiya,
ya je ya shinshina takalmin Curdin,
ya kaɗa masa wutsiya sau biyu
kafin a ɗauke shi.

Sauran shida suka zo, suka tafi.
Ɗaya ya manta jakar magani, na bi shi da waya har Zurik.
Ɗaya fiffikensa ya yi ƙanƙara, aka wanke shi da ruwan zafi.
Mai lemon bai ko taɓa lemon ba.

Da duhu ya fara hawa dutse muka rufe.
Seraina ta yanka kek ɗin zuma a kan teburin taswira,
muka ci a tsaye, da safar hannu a aljihu.
Curdin ya aje makullin motarsa kusa da birona,
bai yi jawabi ba.
Ya dubi titin ta taga, baƙi wul, tsaf,
kamar mai duban gonar da ya sayar.

Na buɗe rajista.
A layin ƙarshe, inda ake rubuta matsala,
na rubuta abin da muke tashi tun asuba dominsa,
abin da ba a ba kowa lambar yabo a kansa:
babu abin da ya faru.
Curdin ya leƙo ta kafaɗata ya karanta.
Ya ce, "Sa kwanan wata."