Da Ruwan Ciki Ake Hawan Tota

Gari bai waye ba a Sogamoso,
Gwaggo Herminda ta riga ta tashi,
tana cusa mini guzuri a aljihun bayan riga:
alewar gwaiba huɗu, kowace naɗe cikin busasshen ganye,
ayaba biyu da suka fara ɗigo-ɗigo,
guntun mazarƙwaila,
ƙullin gishiri.

"Ka ci tun yunwa ba ta zo ba," in ji ta,
"ka sha tun maƙoshi bai tambaya ba.
Dutse ba ya ba da bashi."

Shekarata sha tara, ina ji da ƙafafuna.
A bakin gada na miƙa wa wani yaro mai amalanke
alewar duka, har da mazarƙwailar.
Nauyi ne, na ce,
kuma mai hawan tudu ba ya dako.

Awa ɗaya, sarƙar keke tana mini kirari.
Awa biyu, na wuce motar madara,
na wuce Nicanor da ƙanensa,
suna tafe suna tauna kamar tumaki.
Ayabar nan biyu na haɗiye su a tare,
don kawai sun dame ni a baya.

Sai ta zo.
Mutanenmu suna kiranta Koɗaɗɗiya.
Ba ta sallama.
Gwiwa take fara kamawa,
ta hau cinya, ta zauna a ƙeya,
ta raba maka hanya biyu, ta ce zaɓi.
Feda ta yi nauyin dutsen niƙa.
Gumi ya yi sanyi.
Na laluba aljihu da hannu mai rawa,
ƙullin gishiri kaɗai ya amsa.

Na sauka, ko in ce an sauke ni,
a gefen gonar albasa.
Can ƙasa tafkin yana sheƙi,
ko a jikinsa.

Wata tsohuwa, baƙar hula, bargon ulu a kafaɗa,
ta dube ni, ta dubi keken.
Eduviges, daga baya na ji sunanta.
Ba ta tambayi nawa ba.
Tukunyar ma'aikatanta ta buɗe:
ƙananan dankali da ɓawonsu, gishiri ya yi musu fari.
Ta tsiyayo ruwan mazarƙwaila mai zafi a kofin silba,
ta jefa guntun cuku ciki.

"A hankali.
Cikin da aka yi wa wulaƙanci
ba a lallashinsa da gaggawa."

Dankali na uku, hanya ta koma ɗaya.
Na biyar, na ji warin albasa.
Nicanor ya zo ya wuce,
kumatu cike, ya ɗaga mini yatsa biyu.
Har yau bai daina ba ni labarin ba,
sai ka ce ba na wurin.

Yanzu hamsin da biyu nake.
Gwaggo ta daɗe a ƙasa.
Ni ke tashi kafin zakara,
ina cusa guzuri a aljihun 'yata Marleny,
ina maimaita abin da na biya da gwiwata:
loma ɗaya duk minti arba'in, ko kina so ko ba kya so.
Zaƙi a kan tudu, gishiri idan rana ta take.
Kurɓi-kurɓi, ba kwankwaɗa ba.
Nama da maiƙo su jira ki a gida,
a kan sirdi dutse suke zama.
Abin da cikinki bai sani ba,
kada ki gabatar masa ranar tafiya mai nisa.

Tana ɗaura hular kwano, tana kallon ƙofa.
Na san wannan dariyar.
Tawa ce.

Shi ya sa nake sa alewa biyar:
huɗu na yaron bakin gada,
ɗaya kuma can ƙasan aljihu,
inda hannu ba ya kaiwa
sai ya fara rawa.